Jan Zanen da Ban Shimfiɗa Ba

Zuwa ga Baban Hadiza,

Gaisuwa mai yawa, Allah ya haskaka makwancinka. Na san ba mai kai maka wannan takarda, ba kuma za ka karanta ta ba. Amma tun safe na kasa zama wuri ɗaya. Na share falo sau biyu, na wanke tukunyar da ba ta yi datti ba. Sai na ce bari in zauna in gaya maka, tunda kai ka jawo mini wannan.

Mutanen gida lafiya. Na sayi katin waya na kira Inna a Maradi, ta ce gero ya yi kyau bana. Masarar maƙwabcinmu na nan ƙauyen Pleasant Garden, a ƙasar Turawa, har ta fi ni tsayi. Hadiza ta shiga shekara goma sha uku, kuma har yanzu in na yi mata Hausa, da Turanci take ba ni amsa.

A kanta nake rubuto maka. Jiya ta dawo daga lekwal bayan an tashi karatu, da takarda a hannu. Tsohon Baturen nan mai ƙaramin jirgi, wanda ya koya maka tuƙi, kake ce masa Baba Ray, zai ɗauki yara gobe Asabar ya zagaya da su bisa gonaki, yadda kuka saba yi tare. Ba ya ɗaukar yaro sai da sa hannun iyaye. Yanzu kuwa iyayen ni kaɗai ce.

Ka tuna rigimar da muka sha kan jirgin nan? Mutanen masallaci suka ce ba ka da hankali: baƙo, Musulmi, a irin wannan lokaci da ake wa Musulmi kallon 'yan ta'adda, wai tuƙin jirgi za ka koya. Ni ma ina bayansu. Kai kuwa ko a jikinka. Duk mako kana ɗaga kwalaye a sito, ranar Asabar ka hau sama kana duba gonakin mutane kamar kai aka naɗa sarkin noma. Ka dawo ka cika mini kunne da labarin wanda layin shukarsa ya karkace, da malalacin da ya bar ciyawa ta cinye masa waken soya.

Ka ɗauki 'ya'yan kowa, har da autar Alhaji Musa da ta yi maka amai a hula. Iyayen da suka zage ka su suka riƙa kawo maka yaran. 'Yarka kaɗai ba ta taɓa hawa ba, don ka rantse ba za ka ɗauke ta ba sai na yarda. Sau uku kana sa hannu a takarda ka ajiye mini a kan tebur.

To ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Takardun ba su ɓace ba, suna ƙasan akwatina. Kai na ce maka Hadiza tsoro take ji. Ita kuma na ce mata kai ka ce ba ta isa ba tukuna. Ƙarya na yi muku ku biyun. Yarinyar nan ta tsaya tana kallon ubanta yana hawa sama da 'ya'yan wasu, tana ganin ita ce ba ka so. Me ya sa ba ka taɓa tambayar ta da bakinka ba? Me ya sa ka yarda da ni haka?

Har jan zanena ka roƙe ni in shimfiɗa a ciyawar bayan gida don ka gane gidanmu daga sama, na ce ni ba mahaukaciya ba ce. Amma duk Asabar ina jikin tagar kicin, ina jin ƙarar injin, ina ganin ka zagaya sau biyu kana karkata fuka-fuki. Tsoro nake sama ta raba ni da kai. Sai ga shi a kujerar falo ka cika, bayan la'asar, kofin shayinka bai ko huce ba.

Ɗazu na kira Hadiza na gaya mata gaskiya, na miƙa mata takardun nan uku. Ta daɗe tana shafa sa hannunka da yatsa. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma kalle ni ba. Ko za ta yafe mini? Ban sani ba.

Na sa hannu a sabuwar. Rubutun ya karkace, da ka gani da ka ce layin malalacin manomi ne. Zanen ma na fito da shi na goge. Har yanzu tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Amma gobe ba a taga Hadiza za ta same ni ba. Zan shimfiɗa shi, in tsaya a gefensa, har 'yarka ta gane gida.

Ka huta lafiya, Allah ya haɗa mu a Aljanna.

Matarka da ta makara,
Rabi