Ni Na Ce a Sauke Jirgin, Baba Bai Jira Ni Ba

Anti, don Allah ki taimaka min, wallahi na gaji. Ni likitar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ce, aiki ya kai ni nesa da gida. Watan jiya Yaya ya kira ni, ya ce jikin Baba ya tsananta, yana ta nemana. Daga asibiti na wuce filin jirgi, ko wanka ban yi ba. Bayan jirgi ya tashi, na cire takalmi ke nan zan ɗan runtsa, sai na ji ana cigiyar likita. Na yi lamo ko wani zai tashi. Ina! Ba wanda ya motsa, dole na tashi.

Wani dattijo ne, baki ya karkace, magana ta sarƙe. Na sa ya ɗaga hannuwa, na dama ya zube. Shanyewar ɓarin jiki ce ta taso. Matarsa na ƙoƙarin ɗura masa ruwa da ƙwaya, da kyar na hana ta, don zai iya shaƙewa. A sama ba abin da zan iya yi masa, sai asibiti, kuma da gaggawa. Matuƙi ya aiko a tambaye ni, a ci gaba ko a sauka a gari mafi kusa. Da bakina na ce a sauka. Sai washegari muka tashi. Ina isa na tarar an dawo daga maƙabarta.

Yaya ya ce na zaɓi bare, ko gaisuwata ba ya amsawa. Baban nan da ko mai gyaran famfo ya shigo sai ya gaya masa 'yarsa likita ce! Dattijon ma ban san ko ya rayu ba. Mako mai zuwa zan koma, kuma na ƙudura in aka sake cigiya, barcin ƙarya zan yi. Laifi ne?

Gajiyayya

Amsa

'Yar'uwa, Allah Ya jiƙan Baba, Ya ba ku haƙuri.

Yayanki ba mugu ba ne. Shi ne a bakin gado lokacin da Baba ke kallon ƙofa, shi ya yi ta ce masa kina hanya. Wannan ciwon yake sauke miki. Kada ki je masa da bayanin asibiti. Kafin ki koma, ki same shi ki zauna, ki roƙe shi ya ba ki labarin ranar, har da abin da zai sa ki kuka.

Amma ba bare kika zaɓa ba. Baba yana hannun likitoci da 'ya'yansa, dattijon nan kuwa ke kaɗai gare shi. Ki nemi hutu a wurin aiki, ki yi barcin gaske, ki yi makokinki.

Barcin ƙarya kuma kin gwada, bai karɓe ki ba. Da Baba na cikin jirgin nan, kafin a gama cigiya shi zai fara nuna ki da yatsa.

Allah Ya sanyaya zukatanku, Ya kai ki lafiya.