Baba da Ajin Rumfar Mama Jumma

Kagarawal, Gombe
14 ga Satumba

Yaya Nehemiah,

Ina gaishe ka da sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan kai da iyali kuna lafiya a can Fatakwal. Allah ya ƙara maka ƙarfi a wurin aiki. Mu ma nan lafiya lau. Ƙanwarmu Debby ta sauka ranar Juma'a, an sami namiji, ita da jaririn suna cikin ƙoshin lafiya.

Na ga saƙonka cewa a turo maka Baba ya zauna wurinka. Ban ga laifinka ba, don ka ga yadda ya koma bayan rasuwar Mama, ya yini a kujera ko rediyo ba ya kunnawa. Amma ka saurare ni tukuna. Akwai wasu dattawa da suka yi ritaya, suna haɗuwa Talata da Alhamis a rumfar gidan Mama Jumma, wadda ta yi aikin jinya shekara talatin. Ba wanda ya sa su, ba mai biyan su, kowa yana koyar da abin da ya sani. Malam Iro, tsohon hedimasta, yana koyar da karatu. Oga Jideofor, da ya yi gyaran rediyo a Tudun Wada, shi ke nuna musu yadda ake amfani da waya. Sau huɗu Mama Jumma tana zuwa gidanmu kafin Baba ya yarda ya bi ta.

Yaya, ashe duk shekarun da Baba ya yi yana tuƙi, bai iya karatu ba. Cewar da yake yi ya manta tabarau mu karanta masa, kunya ce. Malam Iro ne ya gane, bai kuma gaya wa kowa ba, sai ya riƙa zama da shi su biyu bayan an tashi. Baba da bakinsa ya faɗa mini. Ranar Lahadin da ta wuce ya miƙe a coci ya karanta Zabura ta ashirin da uku, a hankali, yatsansa a kan layi. Sau biyu yana sarƙewa, amma ya kai ƙarshe. Ni dai hawaye suka hana ni cewa amin.

Da na kai masa maganarka, sai ya ce zai zo maka Kirsimeti, amma lalle ya dawo kafin Talatar farko ta Janairu, don shi zai koyar da gyaran injin ban ruwa, kuma mutum tara na jiran sa. Yaya, ina roƙon ka, ka bar mana shi a nan.

Ka gaida matarmu Olivia da Nancy da ƙaramin Jerome. Debby da mijinta suna gaishe ku. Allah ya tsare mana ku.

Ni ce ƙanwarka,
Elizabet