Inna, Sun Auna Numfashina

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Kulu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ce Luba, autarki. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike, shi ya sa zan ajiye ta a waya inda jama'a za su karanta, su ce Luba ta fara hira da waɗanda suka riga mu. Su faɗa. Ke kaɗai nake iya gaya wa wannan magana ba tare da an ce mini in yi tawakkali in yi shiru ba.

Inna, tsoro nake ji. Bayan babbar Salla na je asibiti saboda jiri, likita ya auna jinina ya ce ciwon suga bai kama ni ba tukuna, amma yana bakin ƙofa, in ban rage jiki ba zai shigo. Yana magana ina kallon ƙafafuna. Kin san dalili. Ni na riƙe miki hannu ranar da aka turo ki daga ɗakin tiyata, mayafin da aka rufe ki da shi ya kwanta a inda ƙafarki ta hagu take a da. Shekaruna yanzu sun kusa naki na lokacin da abin ya fara miki.

Ke kika gina jikin nan, kada ki musa. A gidanmu na Ƙofar Atiku, idan Baba ya dawo daga kwata da kayan ciki da kitse, ni kike fara zuba wa. In na ture kwano sai ki ce, "Ci, ɗiyata, da ruwan ciki aka jan na rijiya." Ran da na yi zazzaɓi na faɗa kuwa, ba zazzaɓin ya dame ki ba. Cewa kika yi, "Ɗiyar mahauci ba ta ramewa, sai a ce ubanta ya karye." Ban taɓa jin haushinki a kan haka ba. Soyayyarki a cikin kwano take, kuma na cinye ta tas.

Da na dawo daga wurin likita sai na yi abin da tsoro ya ce in yi, na rufe bakina. Ba karin safe, ba na rana. Wata maƙwabciyata a nan Runjin Sambo ta kawo mini shayin rage ƙiba, na yi ta sha ina zarya bayan gida. Da magariba yunwa ta gama galabaitar da ni, sai in zauna gaban tuwon shinkafa in ci kamar wadda za a ƙwace wa, in bi da fura mai sukari. Na yi watanni a haka. Fuskata ta zube, hannuwana suka yi laushi, tulu ma ya fara yi mini nauyi, amma tumbin yana nan daram, sikeli kuma ya ƙi motsi. Ranar da na yanke jiki na faɗi a gidan suna, mata suka yi ta yayyafa mini ruwa, aka kai ni asibiti, sai likita ya tura ni wurin mai kula da cimar marasa lafiya.

Sunanta Malama Rahila, Kirista ce daga Filato, ta daɗe tana aiki a Sakkwato har Hausarta ta fara karkata irin tamu. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ba za ta ce in ci kaza in bar kaza ba sai ta san abin da jikina yake ƙonawa idan yana kwance ba ya komai. Ashe ko mutum yana hutawa, zuciya da huhu da sauran kayan ciki suna cin rabonsu, kamar murhun da aka bar wa garwashi. Na wani yana ci da yawa, na wani kaɗan. Akwai na'urar da ke gane haka daga numfashi. Ta ce in zo da sassafe, kada in ci komai tun bayan isha'i, kada in sha shayi, kuma in hau keke napep, kada in tako da ƙafa.

Duk na kiyaye, Inna. Abu ɗaya na yi, kuma ke kika koya mini shi. Bayan sallar asuba na ɓantari goro na jefa a baki, kamar yadda nake yi kullum. Wa ya taɓa lissafa goro a cikin abinci? Ke kanki kina cewa, "Goro ba ci na ba, gaisuwa ta." Ina buɗe baki in gaishe da Malama Rahila ta ga jan a haƙorana. Ta dafa goshi ta ce goro yana zaburar da jiki kamar shayi mai kauri, in ta auna ni a haka na'urar za ta faɗi abin da ba shi ba ne, ta ba ni abinci fiye da ƙimata. Ta ce laifinta ne da ba ta ambaci goro da sunansa ba, ta sa mini wata rana. Na fito ina dariya a fili, amma a cikin keke sai na ji daɗi ya kama ni don an ɗaga. A nan na gane ba yunwa nake gudu ba, amsar nake gudu.

Ranar da na koma, ko ƙamshin goro ban yarda na shaƙa ba. Ta shigar da ni wani ɗaki shiru mai sanyi, ta sa na kwanta rigingine a kan gado. Ta kifa mini wani murfin roba a kai, ana ganin waje ta cikinsa, da mesa da ta tafi jikin na'urar. Ta ce kada in motsa, kada in yi magana, kada in yi barci. Na fara jan tasbihi da yatsu, ta dafa hannuna ta ce ko wannan in mayar da shi zuci.

Inna, ban taɓa kwanciya haka ba. Hannuwa a miƙe a gefe, ƙafafu a haɗe, an rufe fuska, mutane suna wucewa a hankali ba mai yi maka magana. Ke na tuna, ranar da muka shimfiɗe ki a ɗakinki kafin masu wanka su shigo. Hawaye suka gangaro ta gefen ido suka shige cikin kunnena, kuma ba damar in share. Na ce a raina wata rana haka za a kwantar da ni, kuma ba wanda zai zo ya ce in tashi an gama. Sai da Malama Rahila ta bari na natsu, ta sake farawa daga farko.

Sakamakon bai yi mini daɗi ba. Jikina yana ƙona abinci ƙasa da yadda ake zato ga mace mai girmana. Ta ce yunwar da na yi ta yi wa kaina tsoka ta cinye, ta bar kitsen, jikin kuma ya koyi maƙo, duk abin da na ba shi da magariba sai ya ɓoye. Wai ni da nake gudun abinci, maganina in ci. Sau uku a rana, kaɗan-kaɗan, daidai da abin da na'urar ta nuna. Wake, zogale, tsokar nama ba kitse, tuwo kamar dunƙulen hannuna, fura ba sukari, da tafiya da yamma idan rana ta yi sanyi.

Na tuna yadda aka yi da ke. Kowa ya zo dubiya da tasa dokar, wannan ya hana ki nama, wancan ya hana ki tuwo, aka bar ki da ruwan ɗaci da ganye. Kina kallon kwanonmu kina cewa kin ƙoshi. Ba wanda ya auna ki, Inna, da ka aka yi ta yi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki waya. Kin san Yaya Bello bai fasa al'adar Baba ba, duk Juma'a yana aiko wa 'yan'uwansa mata rabonsu daga kwata, kuma nawa ya fi na kowa kitse don ni ce auta. Wannan Juma'ar na ɗebi tsokar na mayar masa da sauran. Kin san a gidanmu mayar da kwanon babban wa zagi ne. Bayan la'asar sai ga shi da kansa, yana haki tun daga zaure, ya cika ƙofar ɗakina. Ya ce ko na fara raina abin hannunsa ne. Na zaunar da shi na gaya masa komai, tun daga maganar likita har murfin robar.

Bai yi faɗa ba. Sai ya sunkuya da ƙyar ya cire takalminsa na dama. Akwai gyambo a ƙarƙashin babban yatsansa, bakinsa ya yi baƙi. Ya ce ƙashi ya taka a kwata tun kafin azumi, bai ma ji zafi ba, kuma ko matarsa bai nuna wa ba. Ya ce yana tsoron asibiti, don ya ga abin da suka yi miki. Yaya Bello da ke kayar da bijimi fa, Inna.

Gobe da safe zan kai shi. Ya yi mini alkawari, amma na san halinsa, don haka tun asuba zan je in zauna a ƙofar gidansa. Ban san abin da likita zai ce ba idan ya ga yatsan, kuma ina tsoron in sani.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya mayar miki da abin da ciwo ya ɗauke miki da mafi alherinsa a Aljanna. Allah Ya sa ban makara da Yaya ba. Ku da kuke karantawa, ku sa shi a addu'a, Allah Ya bar masa ƙafarsa.

Taki har kullum,
Luba