Kan Keken Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka. Yaya gajiyar tafiye-tafiye? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke damunta in ta daɗe a tsaye.

Ka yafe mini ƙarfin halin da na yi na rubuto maka. Ni ce Auta. Lokacin da ka bar gida ban shiga makaranta ba, yanzu kuwa na kusa gama sakandare. 'Yan ajinmu duk sun haddace waƙoƙin gambarar Ɗan Tela, amma ban taɓa gaya musu ciki ɗaya muka fito ba. Ba kunyarka nake ji ba, Yaya. Tsoro nake su tambaye ni abin da ya hana ka zuwa gida.

Na san dalilin. Da na yi wayo Inna ta ba ni labarin shaye-shayen, da ranar da ka kwance kan keken ɗinkin Baba ka sayar. Sauran kuma daga bakinka na ji a rediyo: zamanka a gidan gyaran hali, da yadda kake komawa can yanzu kana yi wa matasa magana. Inna takan saurara a ɗakin girki, ta rage muryar rediyon. Baba kuwa ka san shi. Sabon keke mai lantarki da ka aiko direba da shi bara, ko kwalin bai buɗe ba ya ce a mayar. Teburin tsohon keken yana nan a kusurwar shago da raminsa a tsakiya, an tara ƙyallaye a kai.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar Asabar ina shago ina sa wa Baba maɓallai, sai mai askin da ke jikinmu ya kunna sabuwar waƙarka. Da ma in ya yi haka Baba aike na yake yi in ce a rage. Har na miƙe, sai na ga ya tsaya a tsakiyar kalmasa, yadin na hannunsa. Waƙar ba ganga a cikinta, ƙarar keken ɗinki ce kawai a ƙarƙashin muryarka, tana tafiya tana ɗan tuntuɓe. Baba ya fita ƙofa, tef ɗin awo rataye a wuyansa, ya ce a maimaita. Mai aski ya fara tsokanarsa wai tela ya tsufa ya koma ɗan gambara, amma da ya dubi fuskarsa sai ya maimaita.

Da ya dawo ya zauna, ya gaya mini cewa keken ya taɓa faɗowa daga amalanke ranar da ya tare a shagon, ƙaramar tayarsa ta ɗan lanƙwashe, shi ya sa yake wannan tuntuɓen, kuma babu wani keke mai irinsa. Ya ce wanda ke taka shi a waƙar yana gaggawa, kuma tun yana yaro yake yi masa faɗa a kan haka. Ya ce keken yana son mai, ana ji. Bai kira sunanka ba, amma a sanina ranar ce ya fara maganarka.

Ashe ka nemo keken, Yaya. Ban san shekarun da ka yi kana bin sawunsa ba.

Washegari Baba ya kwashe ƙyallayen, ya goge teburin, ya ɗiga wa matakin mai. Ya sayo sabon bel na keke ya rataye a ƙusa. Ko jaka ba ya bari mai kawo ɗinki ya ajiye a wurin.

Roƙona ɗaya ne. Don Allah kada ka aiko direba da kan keken. Zai mayar, kuma ina tsoron daga nan ba zai sake share teburin ba. Ka kawo da hannunka. Kan keke yana da nauyi, sai wani ya riƙe wani ya ɗaura, kuma bayan Baba ba kamar da ba. Ban yi maka alkawarin zai yi murmushi ba. Wataƙila faɗan gaggawa zai fara da shi.

Baba bai san na rubuto ba. Inna ta sani, tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci don ka rame a hoto. Ko ba ka ba ni amsa ba, in ba zan takura maka ba, ka yarje mini in sake rubuto maka. Bel ɗin dai yana nan a ƙusa.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Auta