Fitilar Baba Maharazu a Ramin Kwal

Ramin Kwal, bayan Ankpa,
Oktoba, 1997.

Zuwa ga mai ɗakina Kubura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yarinyar nan da ƙaninta. Yaya ƙafar Inna? Yaya Baba ya ji da aikin kaka? Ki durƙusa ki gaishe min da su. Ni ma lafiya, sai kewar gida.

Sale direba, mai kai manja kasuwar Shuwarin, shi zai biyo da wannan ta Aujara. Kin ce in faɗa miki gaskiyar aikin, to ga ta. Ramin kamar rijiya yake, irin waɗanda mahaifinki ya koya min haƙa. Bambancin, in an kai ƙasa ba a tsayawa, sai a karya gefe a yi ta shiga da rarrafe. Kwal ɗin ma ba baƙi wuluk ba ne, ruwan ƙasa-ƙasa ne, mai taushi. A kwance nake saransa da diga, wani ya cika buhu, a ja shi waje da igiya. In na fito na tofa yawu, baƙi nake gani.

Amma ba zan ci zalin mai ramin ba. Tsofaffin ma'aikata sun ce da babu komai sai Allah. Yanzu ya kawo injin jan ruwa, da fanka mai tura iska ciki ta wani dogon bututu, ya raba mana hular kwano mai tocila a goshi. Kuma yana biya, ko da an makara.

Heluman da ke kanmu wani dattijo ne, Ameh, wanda ya tsufa a manyan ramukan Inugu. Hausarsa ba ta wuce cikin cokali ba. Kullum yana bakin rami yana lalube mana aljihu yana ihu, "Ba wuta! Ba taba!" Har mun sa masa suna Ba-wuta. Shi kuma gafiyoyin Jigawa yake ce mana, don duk ramin babu masu saurin haƙa irinmu. A ganina tsoronsa shi ne kada katakon da ya tokare rufin ya kama da wuta.

Wani lokaci in na tuna sai raina ya ɓaci. Mu da muka shayar da ƙauyukan Jahun da Buji, yau mota ta zo ta huda burtsatse kafin rana ta faɗi, kowa ya manta da mu. Ban ce ruwan famfo ba alheri ba ne. Ke ma kin huta da guga. Amma shi ya kawo ni nan ina cin teba.

Ki shafa min kan yara.

Naki,
Abdulƙadir.

*

Disamba, 1997.

Zuwa ga Kubura,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta yara da ta iyayenmu. Ƙullin kuka da daddawa ya iso, Allah ya yi miki albarka.

Amma saƙon da ya biyo bayansa ya hana ni sukuni. Ni takarda na rubuto miki ke kaɗai. Me ya kai ƙaninki Yahuza ya ɗauka ya karanta a majalisar ƙofar masallaci? Sale ya ce duk garin babu zancen da ake sai na fanka da hular kwano. Zancen baƙin yawu kuwa babu wanda ya ji. Yanzu ga shi wai Baba ya ɗauko daginsa yana wasawa, ya ce bayan azumi zai biyo ni.

Kubura, kin san ba ni da bakin da zan ce wa surukina kada ya yi abu. Shi ya ba ni sana'a, shi ya ba ni ke. Ko idonsa ban taɓa kallo ba. Don haka ke za ki yi magana, ki samu Inna ku haɗu ku hana shi.

Ki gaya musu abin da na rage. Fankar nan sai in akwai man dizal take aiki, man kuwa kin san halin da ƙasa take ciki. Batir ɗin tocila in ya mutu, mutum shi zai saya. Katakon tokara ɗanye ne, danshi na cinye shi, muna kwance muna jin yana ƙara a kanmu. Makon jiya rufi ya zubo wa Rabi'u mutumin Ringim a ƙafa. Gaskiya mai ramin ya kai shi asibiti da motarsa, amma da aka ce ƙafar ba za ta koma daidai ba, kuɗin mota kawai aka ba shi. Kafin magariba wani ya sa hularsa.

Na san gero bai yi ba bana, na san abin da ke korar Baba daga gida. Zan ƙara abin da nake aikowa, a raba gida biyu. Ya zauna ya ja carbinsa, don girman Allah.

Ki gaida kowa, har Yahuzan, duk da haushinsa nake ji.

Naki,
Abdulƙadir.

*

Fabrairu, 1998.

Zuwa ga Kubura,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, da fatan kun yi ƙaramar Salla lafiya. Yaya yara? Yaya Inna da kaɗaici?

Baba ya sauka lafiya. Ban ga laifinki ba, na san kin yi iya yinki. Na bar masa tabarmata da ɗakin, na koma rumfar 'yan Buji, don ba zan iya cin abinci ko miƙe ƙafa a gabansa ba.

Na je a ɓoye na roƙi heluma ya ajiye shi a sama, wajen jan igiya. Mutumin ya yarda nan take, har ya ce ai tsoho ba na ƙasa ba ne. Baba ne ya ƙi. Ya aiko Sale ya gaya min, wai, "Ka ce wa yaron nan, ranar da na fara saukar da shi rijiya kuka ya yi yana kiran uwarsa. Yau shi ne zai tsare ni a bakin rami kamar jaki?" Duk rumfa aka yi ta min dariya.

Sai dai in faɗa miki, zuwansa ya kwantar mana da hankali. Kin san al'adarsa, bai taɓa barin mutum ya shiga rijiya ba sai ya zura aci-balbal da igiya. In wutar ta mutu, iskar ƙasa ta ɓaci, ba mai sauka. In ta ci gaba da ci, bismilla. Da haka ya tsufa a sana'a bai taɓa rasa ko mutum ɗaya ba. To a nan ma haka yake yi. Da an idar da sallar asuba, kafin Ba-wuta ya iso a kekensa, sai ya zura fitilar, sannan ya sauka da kansa ya zaga da ita cikin lungunan, ya fito ya ce mana mu shiga. Muna ɓoye ta a cikin tulu, don in heluma ya gani zai ƙwace. Baba ya ce ai shi ba yaro ba ne da zai sa wa katako wuta.

Shekaranjiya ya fito yana murmushi. Ya ce a can ƙuryar, da ya ɗaga fitilar sama, harshen wutar har tsawo ya ƙara, ya yi shuɗi-shuɗi. Ya ce bai taɓa ganin iska mai ƙarfi irin ta ramin nan ba, ta fi ta rijiyoyin Aujara lafiya.

Tari ya kama ni, har yanzu bai tafi ba, amma kada ki damu. Ki gaya wa Inna ina sa ido a kan Baba, in sha Allahu da hannuna zan dawo mata da shi kafin shuka.

Naki,
Abdulƙadir.

*

Afrilu, 1998.

Zuwa ga Kubura,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya haƙuri? Yaya Inna ta ji da wannan rashi? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya ba mu danganar rashinsa.

Na san Sale ya kawo muku labari da baki. Amma ke 'yarsa ce, ya kamata ki san yadda abin ya faru, ba ragi.

An rufe rami saboda babbar Salla. Mai ramin ya ce ba zai ƙona ɗan man da ya rage a kan ramin da babu kowa ba, aka kashe fanka duk kwanakin hutun. Ranar komawa aiki Baba ya riga kowa. Ya ce ramin da ya kwana biyu a rufe shi ya fi cin mutum, don haka yau ma ya fi kamata a gwada. Ni na riƙe masa igiya. Ya zura fitila, ba ta mutu ba. Ya sauka. Ina jin muryarsa daga ƙasa yana salati, yana nisa, yana nisa. Sai ƙasa ta buga a ƙarƙashin ƙafata. Wata iska mai zafi ta fito ta bakin ramin ta jefar da ni gefe. Da na tashi, igiyar na hannuna, babu nauyin komai a jikinta.

Sai daga baya wani mai jin yaren mutanen nan ya fassara mana abin da heluma yake ta ihu a kai tun zuwanmu. Ashe kwal yana fitar da wata iska da ba a gani, ba a jin warinta. Ba ta kashe wuta kamar iskar rijiya, kamawa take yi. In fanka ta tsaya sai ta taru a saman lungu. Wannan shuɗin harshen da Baba ya yi murna da shi, ita ce take gaishe shi. Kubura, duk cikinmu babu wanda ya sani. Mu a wajenmu wuta in tana ci, lafiya ke nan.

Na ci kwalar Ameh na ce don me bai taɓa yi mana bayani ba. Ya ce da wane baki, shi da Hausarsa ba ta isa ba, kuma shi bai taɓa jin inda ake gwada rami da wuta ba. Ba zan yi masa ƙarya ba: shi ya fara ɗaura jiƙaƙƙen tsumma a hanci ya sauka neman Baba, aka jawo shi a sume, hannayensa sun saɓule. Ni ma na sauka, hayaƙi ya koro ni. Kwal ɗin kansa ya kama, lungun ya rufta.

Da la'asar aka ce dole a toshe bakin ramin da ƙasa, in ba haka ba wutar za ta bi ta ƙarƙashi ta kai ga sauran ramuka da mutane ke ciki. Na ƙi, na zauna a bakin. Sai da liman ya zo ya dafa ni. A ƙarshe ni na fara zuba shebur ɗin farko, don ban yarda baƙo ya rufe shi ba. Babu wanka, babu likkafani, ban san ko ina fuskarsa ta kalla ba. Mun yi sahu a kan ƙasar muka yi masa salla.

Mai ramin ya zo ta'aziyya, ya cire hula, ya ba da abin da ya bayar, yana wajen Sale. Washegari aka fara sabon rami a gefe. Da mu aka fara.

Ki ce wa Inna na kasa. Ban san da wace fuska zan shigo Aujara ba.

Naki cikin jimami,
Abdulƙadir.

*

Yuli, 1998.

Zuwa ga Kubura,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Yaya damina, yaya yara, yaya Inna da takaba? Na ji kin ce yaron ya fara tafiya. Allah ya raya shi, ya nisanta shi da diga.

Kin tambayi yaushe zan dawo. In dawo in yi me? Gona ba ta riƙe gida ɗaya ba, yanzu biyu ne a kaina. Ƙirjina kuma ba ya barina in yi doguwar tafiya ban tsaya ba. A nan dai in na kwanta ina sara, babu mai lura.

An ce an samu ci gaba. An sa allo a bakin sabon ramin, an zana ashana an ja mata jan layi. Ameh ya warke, yanzu da kansa yake kama kowane sabon zuwa ya yi masa bayani da guntuwar Hausarsa, ni nake ƙarasa masa. Fanka kuwa har yau sai in akwai mai.

Na roƙe ki ta bakin Sale a karanta waccan takardar ta rasuwar Baba a ƙofar masallaci, yadda aka karanta ta farko. Sale ya ce an karanta, an yi salati, wasu sun yi hawaye. Jiya motarsa ta tsaya, mutanen Buji da na Aujara suka yi ta dirowa da ƙullin kayansu. Na ƙarshen saukowa Yahuza ne.

Ban yi masa faɗa ba. Na san abin da ya bari a rumbu. Na karɓi kayansa zan kai ɗaki, sai na ji wani abu na ƙara a cikin buhun. Aci-balbal ce, ɗayar ta Baba, wadda yake ratayewa a zaure. Ya ce Inna ce ta sa masa da hannunta, ta ce ya riƙe gadon ubansa, kada ya kuskura ya shiga rami bai gwada ba. Ashe ita ba a gaya mata yadda abin ya faru ba, an ce kada a ƙara mata ciwo.

Na ƙwace. Ya ce min ni wane ne da zan raba shi da kayan ubansa, har ya ɗaga murya a gaban mutane. Na bar shi ya gama. Gobe zai sauka, a lungu ɗaya da ni.

Ga fitilar nan na ba Sale, naɗe a cikin rigar Baba. Ki zauna da Inna ki gaya mata komai, ko da za ta tsane ni. Sannan ki zuba wa fitilar mai ki kunna a ɗaki, yara su ga hasken kakansu. Kada ki sake bari ta hau mota.

Ki yi mana addu'a, mu biyu.

Naki har kullum,
Abdulƙadir.