Dabinon da na markaɗa wa Yaya

Assalamu alaikum Admin da 'yan gidan nan. Jaririn yayata yau kwanansa takwas a kwalba, kuma ni na jawo. Don Allah a ɓoye sunana, kar kuma a zage ni, wanda nake wa kaina ya isa.

Yayata tana aure a Kwaciri. Cikinta na wata shida aka ce tana da ciwon sukari na masu ciki, aka hana ta zaƙi, aka rage mata shinkafa da biredi. Maƙwabciyarta Maman Rifkatu, 'yar Kudancin Kaduna, ita ke dafo mata acca da miyar ganye kullum, don Yaya ba ta iya tsayuwar kicin. Ni kuwa lokacin na samu admishan a makarantar koyon aikin nas, murna kamar in tashi sama, kowa a gida Likita yake ce min, ina amsawa har da yanga. Ko aji fa ban shiga ba. Sai na ga wani bidiyo wai dabino na sa naƙuda ta zo da sauƙi. Na faɗa Kasuwar Sabon Gari na sayo kwali guda, kullum in markaɗa da aya in kai mata gora cike. Ta ce, "Auta, wannan abu zaƙi kamar zuma, anya kuwa?" Na ce, "Haba Yaya, ai nacural ne, ba sukari ba ne. Sha abinki, ga likitarki nan." Ta yi dariya ta ce to kar mijinta ya gani, faɗa zai yi. Sati biyar muna haka.

Ranar awo aka ga sukarinta ya hau sosai, aka riƙe ta, ƙarshe sai tiyata kafin lokaci. Likita ya tambayi me take ci, Yaya ta kalle ni ta kawar da kai. Sai Ummanmu ta ce ai abincin waje ne, wa ya san me matar nan take zubawa? Jiya Maman Rifkatu ta zo asibiti da kula, Umma ta ce ta koma da abinta. Matar ta ce, "Hajiya, yarinyar nan ƙanwa na ɗauke ta," ta juya tana goge ido da bakin zani. Ina tsaye wallahi ina kallo har ta fita, ban wanke ta ba. Wace irin nas ce zan zama?

Yaya ta ce in rufe bakina, in na faɗa mijinta zai san ta ɓoye masa, kuma ba mai mantuwa ba ne. In na yi shiru, baiwar Allahn nan ce za ta ci gaba da ɗaukar laifina.

Me zan yi? Kuma don Allah ku tura wa duk mai cikin da aka hana zaƙi.