Sauran Shaidar Auta

Ƙanena,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kai da iyali da ɗalibanka kuna lafiya.

Damuwa ce ta sa na rubuto. Auta ya daina shan maganin farfaɗiyarsa. Shekaranjiya ina neman tsumma a ɗakinsa na buɗe wani tsohon gwangwanin fenti, sai ga ƙwayoyin mako uku a ciki, ko ɗaya bai taɓa ba. Tun ranar da ya tashi a coci lokacin sujada ya ba da shaida cewa shekara biyu ke nan ciwon bai kayar da shi ba, shi ke nan ya ajiye. Na lallashe shi, na yi faɗa, na yi kuka. Amsarsa ɗaya: "Mama, so kike in mai da Allah maƙaryaci?"

Yanzu haka fentin wani bene suke yi, shi ne a kan tsani a hawa na uku. In ya fita, waya ba ta barin hannuna, kuma da ta yi ƙara sai in ɗauka da sauri.

Kai ka koyar da shi a makarantar Lahadi, maganarka yake ji, ba tawa ba. Ka yi wani abu. Ni na gaji.

Ka gaida mutan gida.
Yayarka

*

Ɗana Auta,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da kai. Yaya aiki? Har yanzu fenti ya fi yawa a rigarka fiye da jikin bango?

Da na ji ka cika shekara biyu lafiya, na yi murna har ɗalibaina suka tambaye ni ko an yi mini haihuwa. Amma wasiƙar mamarka ta sanyaya mini jiki.

Bari in tambaye ka yadda na saba tambayarku a aji. Wa ya ba likita basira? Wa ya halicci abin da aka haɗa ƙwayar nan da shi? Na taɓa ganinka a wurin aiki, sai da ka girgiza tsani sau biyu kafin ka ɗora ƙafa. Ban ce yaron nan ba shi da bangaskiya ba, cewa na yi yana da hankali. Dogara ga Allah ba ta taɓa hana mutum karɓar abin da Allah ya miƙo masa ta hannun wani ba.

Ka koma wurin likitanka yau ɗin nan, ka gaya masa gaskiya. Ina jiran amsa.

Naka cikin ƙauna,
Kawunka

*

Kawu,

Ina gaisuwa da ladabi. Wasiƙarka ta iso, na karanta har sau biyu kamar takardar jarrabawa.

Duk abin da ka faɗa na sani. Ga abin da ba ku sani ba, daga kai har Mama. Ranar da na tashi, na shirya maganata tun daga gida. Niyyata in ce, "Shekara biyu ban faɗi ba, Allah ya taimake ni ta hanyar maganin da likita ya ɗora ni a kai." Ina kaiwa "ban faɗi ba" sai coci ya ɓarke da tafi. Mai ganga ya shigo, mata suka kama waƙa, mai jagorantar sujada ya rungume ni ya zare makirfo daga hannuna. Na tsaya baki buɗe kamar wawa, sannan na koma na zauna.

Tun daga ranar sunana ya koma "wanda Allah ya warkar". Dattijon ikilisiya da bai taɓa amsa gaisuwata da kyau ba, yanzu da ni yake ba da misali. Duk safiyar da na ɗauki ƙwayar sai in ji kamar ɓarawo. Sai na ce, tunda an riga an yi wa Allah godiya a kan warkarwa, bari in ba shi dama ya cika ta.

Kai kana can kana rubuta mini tambayoyi masu kyau. Ni ne zan shiga cocin nan ran Lahadi. In ce musu me? Su mayar da tafinsu?

Kada ka gaya wa Mama, amma jiya hannuna ya yi rawa, burushi ya suɓuce daga sama.

Ɗanka,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa a taƙaice, don raina a ɓace yake, kuma rabin ɓacin da kaina nake.

Da farko, na gaya wa mamarka. Ka yi fushi da ni, na ɗauka. Ba za ka sake hawa tsanin nan ba sai likita ya gan ka. Wannan karon burushi ne ya faɗo.

Na biyu kuma ya fi mini nauyi. Shekara tara ke nan ina shan maganin hawan jini kowace safiya, a cikin gidan tabarau nake ɓoye shi. Na koya muku labarin makafi da kutare da aka warkar nan take, ban taɓa ce muku ga malaminku nan, Allah yana riƙe da shi da ƙwaya ɗaya kullum ba. Kunya nake ji, sai ka ce laifi ne. Don haka da aka yanke maka magana, ba ka da wanda za ka duba ka ga yadda ake ƙarasa ta. Ka yafe mini.

Ba ka yi ƙarya ba, ɗana, katse ka aka yi. Amma ka tuna, a cikin masu tafin nan wataƙila akwai mai irin ciwonka da ta koma gida tana tunanin bangaskiyarta ce ba ta kai ba.

Zan shigo motar Asabar. Ran Lahadi ni zan fara tashi in faɗi tawa. In ka ga dama ka biyo ni. In ba ka iya ba, ba zan ce komai ba, amma asibiti kam sai mun je, ko da jan kunne.

Allah ya kiyaye mini kai.
Kawunka

*

Kawu,

Ina fata ka isa gida lafiya. Mama na gaishe ka.

Ka ga yadda cocin ya yi tsit bayan ni da kai mun gama ba da shaidarmu. To, har yau dattijon nan bai dube ni ba. Amma bayan tafiyarka wata mata ta tare ni a bakin ƙofa, murya ƙasa ƙasa, ta tambayi ranar da likitana yake zama.

Na koma asibiti karɓar sakamako. Likita ya ce wata shida ba ni ba tsani. Maigida ya mai da ni fentin ƙofofi da gindin bango, a durƙushe nake wuni, abokan aiki na tsokanata wai na zama mai yawan addu'a.

Ka sa ni a taka addu'ar. Gaskiya ni da Allah ba mu gama shiryawa ba wannan makon. Amma na sha maganina na safe.

Ɗanka,
Auta